Giɓin da Dokar 1993 Ba Ta Cike Ba: Mata da Binciken Magunguna

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai koyon aikin ungozoma. Malaminmu ya ce mafi yawan abin da likitoci suka sani game da magunguna a jikin maza aka gano shi, amma na karanta cewa tun 1993 aka yi doka a Amurka wadda ta tilasta shigar da mata cikin gwaje-gwaje. To wane giɓi kuma ake ta maganar cikewa, alhali zuciya da hanta da ƙoda duk iri ɗaya ne ga kowa?

Amsa: Malama, malaminku bai shafa wa labarin shuni ba, kuma abin da kika karanta game da dokar shi ma gaskiya ne. Dokar ta nemi abu biyu, wato a shigar da mata cikin gwaji, sannan a tsara manyan gwaje-gwaje ta yadda za a iya gane ko magani yana yi wa mace abin da yake yi wa namiji. Na farkon an bi shi daidai gwargwado, domin ƙidaya ba ta da wuya, amma na biyun an yi masa riƙon sakainar kashi, masu juna biyu kuwa, waɗanda su ne za ki yi rayuwar aikinki a cikinsu, har yau kusan a waje suke. Na daɗe ina koyar da yadda magani ke aiki a jiki, na kuma zauna a kwamitin da ke tantance bincike kafin a yarda a yi shi a kan mutane, don haka da wannan idon zan amsa miki.

Asalin matsalar tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. A shekarar 1957 aka fara sayar da maganin talidomaid a Jamus ta Yamma, aka riƙa ba mata masu ciki shi don tashin zuciya da rashin barci, kuma kafin a janye shi a ƙarshen 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa a ƙasashe da dama, wasu ba hannu, wasu da guntayen ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi munin abin ne saboda wata jami'ar hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a kan takardar izini har sai an kawo mata ƙarin hujja. A 1977 wannan hukuma ta FDA ta fitar da ƙa'idar da ta ce kada a sa macen da za ta iya ɗaukar ciki a matakan farko na gwajin magani, ko da tana amfani da maganin tazarar haihuwa, ko da ba ta da aure. A nan ne aka gudu wa gara aka faɗa wa zago. Talidomaid bai nakasa yara a wurin gwaji ba, ya nakasa su ne a kasuwa, domin an sake shi ga jama'a ba tare da an bincika abin da yake yi wa ɗan tayi ba. Darasin da ya dace shi ne a ƙara bincike cikin taka-tsantsan, sai aka ɗauki akasinsa. Kuma ki lura da cewa a waɗannan matakai na farko ne ake yanke adadin maganin da jiki zai iya ɗauka, don haka awon da aka gada daga wancan zamani awon jikin namiji ne.

Asfirin ya isa misali. A 1989 aka wallafa sakamakon wani babban bincike da aka yi a kan likitoci 22,071, dukansu maza, wanda ya nuna cewa shan asfirin kaɗan yana rage haɗarin toshewar jijiyar zuciya da kashi 44 cikin 100. Sai a 2005, bayan shekara 16, aka samu makamancinsa a kan mata 39,876, sakamakon kuwa ya zo da bambanci: asfirin ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 17 cikin 100, amma bai rage toshewar jijiyar zuciya ba sai ga matan da suka kai shekara 65. A tsawon shekarun nan ana ba mata shawara ne da ilimin aro.

Dokar 1993 ta shafi binciken da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka, wato NIH, suke biyan kuɗinsa, kuma a shekarar ce FDA ta soke ƙa'idarta ta 1977. A yau kusan rabin mutanen da ke cikin gwaje-gwajen da NIH ke ɗaukar nauyinsu mata ne, sai dai a wasu fannoni da sauran rina a kaba, domin wani nazari da ya duba gwaje-gwajen cututtukan zuciya 740 da aka yi tsakanin 2010 da 2017 ya tarar mata kashi 38 ne cikin 100, alhali cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mata a duniya. Amma ko an cika adadin, ba a nan gizo ke saƙar ba. A ce an gwada magani a kan mutum 1,000, mata 300 a cikinsu, maganin ya yi wa maza aiki ƙwarai amma bai taɓuka wa mata komai ba. Idan aka zuba lissafin a tukunya ɗaya, yawan maza zai rinjayi sakamakon, a ce magani ya yi kyau, a rubuta wa kowa. Idan kuma aka ce bari a raba bayan an gama, mata 300 ba za su isa a yanke hukunci mai ƙarfi ba, saboda ba a lissafa yawan mahalarta da wannan tambaya a zuciya ba. Tun ran gini tun ran zane: kwatanta mata da maza abu ne da ake shirya masa kafin a ɗauki mutum na farko.

Game da cewa gaɓoɓin iri ɗaya ne, a siffa haka ne, amma magani ba siffa yake bi ba. A matsakaici mace ta fi namiji ƙarancin nauyi, ta fi shi kitse, ruwan jikinta bai kai nasa ba, ƙodarta ba ta tace wasu magunguna da saurin tasa, sinadaran hanta masu narkar da magani kuma wasu sun fi kuzari a wajenta, wasu a wajensa. Bayan kowane bugu, wutar zuciyar mace tana ɗan jinkiri kafin ta koma daidai fiye da ta namiji, shi ya sa magungunan da ke ƙara tsawaita wannan jinkiri suka fi jefa mata cikin wani mummunan rikicewar bugun zuciya. A 2001 ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya duba magunguna goma da aka janye daga kasuwa tun daga 1997, ya tarar takwas sun fi cutar da mata. Gaskiyar magana, huɗu daga cikin takwas ɗin mata aka fi rubuta wa su, don haka ba abin mamaki ba ne, amma sauran huɗun kowa na sha, illar ce ta fi faɗa wa mata. Maganin barcin nan zolfidem ya shekara 20 a kasuwa kafin FDA, a watan Janairu na 2013, ta rage awon mata daga miligiram 10 zuwa 5, bayan an ga yawancinsu suna wayar gari da sauran maganin a jini har ya iya hana su tuƙa mota lafiya. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ba ta bi wannan mataki ba, kuma masana suna ja-in-ja a kan ko jinsi ne sanadi ko nauyin jiki, wanda ni a ganina wannan gardamar ma shaida ce, domin da an yi tambayar tun 1992, lokacin da aka amince da maganin, da ba a kai yau ana musu ba.

Tun kafin magani ya iso ga mutum ake fara karkata. Wani nazari na 2011 ya nuna cewa a binciken ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ayyukan da aka yi da dabbobi maza zalla sun ninka na mata zalla fiye da sau biyar, hujjar masu bincike kuwa ita ce zagayowar sinadaran haihuwa tana rikita sakamako a jikin macen ɓera. Da aka zo aka auna wannan hujja a 2014, ta hanyar tattara ayyuka kusan 300, sai aka ga matan ɓeraye ba su fi mazan sauye-sauye ba. Shekara ɗaya bayan haka masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jiki da ke rura ciwo mai daɗewa a namijin ɓera daban suke da na mace, ma'ana wanda ya ƙirƙiro maganin ciwo da maza zalla yana iya toshe hanyar da ciwon mace ba ta nan yake bi ba. Daga Janairun 2016 NIH ta wajabta wa masu neman kuɗinta su yi la'akari da jinsi har a binciken dabbobi, ko su kawo dalili.

A ɗakin gaggawa ma haka abin yake. Idan ana zargin toshewar jijiyar zuciya, ana auna wani sinadari mai suna turofonin da ke zuba cikin jini idan tsokar zuciya ta lalace, kuma da yake zuciyar mace ta fi ƙanƙanta, abin da take zubarwa bai kai na namiji ba. Likitoci a Edinbura ta Sikotilan sun nuna a 2015 cewa da aka yi amfani da gwaji mai kaifi tare da ma'auni daban ga kowane jinsi, na mata ƙasa da na maza, matan da aka gano suna da ciwon sun tashi daga kashi 11 zuwa 22 cikin 100, na maza kuwa da ƙyar ya motsa. Abin takaicin shi ne binciken da ya biyo baya ya tarar ko bayan an gano su, matan ba su samu jinyar da maza suka samu ba. Kuma ki yi hattara da maganar da ta yaɗu cewa mata ba sa jin ciwon ƙirji. Ciwon ƙirji shi ne alama mafi yawa ga mace da namiji, sai dai mace ta fi haɗa shi da haki da tashin zuciya da kasala, shi ne ake saurin cewa gyambon ciki ne ko damuwa.

Inda giɓin ya fi zurfi, kuma inda ya fi shafar aikinki, shi ne ciki da shayarwa. A takardun da ake kawo wa kwamitinmu akwai jimlar da kusan ba ta ɓacewa, cewa ba za a ɗauki mai juna biyu ko mai shayarwa ba. Na sha tambayar mai binciken dalilinsa, sai ya sunkuya ya duba takardar kamar yau ya fara ganinta, daga baya ya ce haka ya tarar a tsarin da ya kwaikwaya. Wani lokaci akwai dalili na gaske, amma sau da yawa gado ne kawai, da tsoron shari'a daga ɓangaren kamfani. Sai dai ciki ba ya hana ciwo. Mai farfaɗiya tana ɗaukar ciki, mai hawan jini da mai asma da mai ciwon sukari duk suna ɗauka, kuma a lokacin jininta yana ƙaruwa da kusan rabi, ƙodarta tana ƙara saurin tacewa, ta yadda awon da ya ishe ta jiya yana iya gaza mata yau. Ki kwatanta matar da ta shigo da cikin wata biyu, tana riƙe da 'yar takardar da ke cikin kwalin maganinta, inda aka rubuta cewa mai juna biyu ta tuntuɓi likita. Ta tuntuɓe shi, shi kuwa abin da ya sani bai wuce abin da ke takardar ba. Wani nazari na 2011 a kan magunguna 172 da aka amince da su a Amurka daga 2000 zuwa 2010 ya tarar kusan kashi 98 cikin 100 ba a tantance haɗarinsu ga ɗan tayi ba. Saboda haka gwajin da aka ƙi yi a ƙarƙashin sa ido ana yin sa kullum a asibitoci, mace ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa yana rubuta sakamakon ba. Maganin farfaɗiya balfurowet ya yi shekaru da dama ana rubuta shi kafin a fito fili da girman illarsa, cewa kimanin jariri 10 cikin 100 na zuwa da nakasa, 30 zuwa 40 kuma da matsalar koyo da girma, kuma sai a 2018 Turai ta ɗaure amfani da shi ga matan da ke shekarun haihuwa da tsauraran sharuɗɗa.

Ba a koyi darasi da wuri ba, domin a annobar Ebola ta 2018 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango an fara rigakafi ba tare da masu ciki ba, sai a 2019 aka sauya, manyan gwaje-gwajen rigakafin korona na 2020 su ma sun ware su. A 2019 FDA ta amince da Descovy don kariya daga ƙanjamau amma ta cire mata daga izinin, saboda babban gwajin bai ƙunshi matan da ke fuskantar haɗarin ta hanyar saduwa da maza ba. Sai ga shi a 2024 an ga yadda abin ke kasancewa idan an tsara shi daidai: gwajin allurar lenakafabir ta kariya daga ƙanjamau, wadda ake yi sau biyu a shekara, an yi shi ne a kan 'yan mata da mata matasa fiye da 5,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda, an bar wadda ta samu ciki ta ci gaba idan ta amince, kuma a cikin 2,134 da aka yi wa allurar ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba lokacin da aka sanar da sakamakon.

Akwai labarin da nake so kowace ungozoma ta sani. Utako Okamoto, wata likita mai bincike a Japan, ita da mijinta Shosuke suka gano maganin tiraneksamik asid a farkon shekarun 1960, kuma burinta shi ne a tsayar da zubar jini bayan haihuwa, amma ta kasa shawo kan likitocin mata na lokacinta su gwada shi. Maganin ya tafi wajen masu cire haƙori da masu tiyata, mai naƙuda kuwa ta jira fiye da shekara 50. A 2017 aka wallafa gwajin da aka yi a kan mata 20,060 a ƙasashe 21, wanda ya nuna cewa idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Okamoto ta rasu a 2016, shekara ɗaya kafin sakamakon ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 260,000 suka mutu a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, zubar jini kuma shi ne kan gaba, sai ki auna abin da jinkirin rabin ƙarni ya ci. Gwajin magnesiyam salfet na 2002 a kan mata fiye da 10,000, wanda ya rage jijjigar masu ciki da fiye da rabi, da gwajin 2023 a kan mata fiye da 210,000 a Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, inda ledar auna jini da haɗa magunguna a lokaci ɗaya suka rage munanan sakamakon zubar jini da kashi 60 cikin 100, duk sun tabbatar da cewa bincike a ɗakin haihuwa abu ne mai yiwuwa.

Sai kuma cututtukan da aka bari a baya saboda ba a zuba musu kuɗi ba. Endometiriyosis, wato tsirowar nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajenta, yana damun mata kimanin miliyan 190, kuma mace takan yi shekaru tana yawon asibiti ana ce mata ciwon mara ne na al'ada kafin a gano shi. Kusan huɗu cikin biyar na masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita mata ne. Har audugar al'ada, wadda likitoci ke ƙirga yawanta don gane zubar jini mai yawa, da ruwan gishiri aka saba gwada ƙarfin tsotsarta, sai a 2023 wasu masu bincike a jihar Oregon suka gwada da jini. Rahoton majalisar masana kimiyya ta Amurka na Disamban 2024 ya ce kashi 8.8 cikin 100 ne kacal na kuɗin tallafin NIH daga 2013 zuwa 2023 ya tafi binciken lafiyar mata. Za ki kuma riƙa jin alƙaluman da aka gabatar a taron tattalin arziki na Davos a 2024, cewa lokacin da mata ke shafewa cikin rashin lafiya ya fi na maza da kashi 25 cikin 100, kuma cike giɓin zai ƙara wa duniya dala tiriliyan 1 a shekara nan da 2040. Ban cika son a auna ciwon mutum da riba ba, amma na lura wannan yaren ne ministocin kuɗi suke ji.

Kada kuma a wuce gona da iri. Magunguna da yawa suna aiki iri ɗaya ga kowa, kuma wanda ya yi ta yayyanka sakamako bayan an gama gwaji dole ya ci karo da bambancin da sa'a ce kawai ta haifar. Maza ma suna da nasu rashin, domin lalacewar ƙashi an ɗauke ta ciwon mata har ba a cika neman ta a jikin tsofaffin maza ba. Idan kina karanta rahoton bincike, ki fara da jadawalin farko ki ga mata nawa ne da shekarunsu, ki duba jerin waɗanda aka ware da dalilin ware su, sannan ki nemi ko an bayyana amfani da illa ga kowane jinsi daban, kuma ko an ƙudurta yin hakan tun farko. Masu ba da kuɗi da mujallun kimiyya da hukumomin ba da izini su ne ke da sandar tilasta wannan, kuma tun 2016 akwai ƙa'idojin SAGER da mujallu da dama suka ɗauka don haka.

Ke ma kina da hannu a ciki, ta hanyar rajistar ɗakin haihuwa. A Botswana, tun 2014 aka kafa wani shiri mai suna Tsepamo, inda ungozomomin asibitocin gwamnati ke duba jikin kowane jariri da aka haifa, ana rubuta magungunan da uwar ta sha da lokacin da ta fara su. A 2018 shirin ya ga jarirai 4 cikin 426 da matsalar laka ko ƙwaƙwalwa a wajen matan da suka ɗauki ciki suna shan dolutegirabir, sabon maganin ƙanjamau, sai ƙasashe da dama suka hana matan da ke shekarun haihuwa shi, matan masu ɗauke da cutar kuma suka yi ƙorafin cewa an yanke hukunci a kansu ba a ji ta bakinsu ba. Ungozomomin suka ci gaba da dubawa ana rubutawa, haihuwa tana ƙaruwa adadin yana sauka, har a Yulin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba kowa maganin, masu ciki ma a ciki, kuma zuwa 2022 haɗarin ya daidaita da na sauran magungunan ƙanjamau.